Gigin tsufa: a bar Inna a ɗakinta ko a kai ta gidan kulawa?

A ƙauyukanmu na wajen Ringim, tsohuwa in ta fara gigi, sai a ce shekaru ne. Sau da yawa kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne, irin wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906.

Barinta a gida na da babban amfani. Mai wannan ciwo sabon abu ne ke ɓace mata, na da can kuwa yana daɗewa. Ta san inda randa take, ta san muryar ladanin unguwa, jikoki na shiga suna "Inna, ina kwana?" Sauya mata wuri kan ƙara rikita ta. Amma wa ke ɗaukar wahalar? Yawanci suruka guda ce, ga goyo, ga girki, ga wankin zannuwan fitsari. Da damina kowa na gona, Inna ta fice neman gidan iyayenta, rijiya kuma a buɗe. Nan ne wasu ke kulle ɗaki, abin da zuciyata ba ta ɗauka.

Ƙaramin gidan kulawa, irin na Ingila da Amurka, tsofaffi kaɗan ne, ma'aikata na karɓa-karɓa dare da rana, magani kan lokaci. Sai dai kuɗi, nisa, da gorin "ya yar da uwarsa".

Ni dai gida na zaɓa, da sharaɗi: a kai ta likita ya duba ta, a rufe rijiya, 'ya'ya maza su yi karo-karo a ɗauko mai taya surukar, a kuma raba kwanan jinya.