Cibiyar Lee Valley Ga Mai Kallon Tseren Silalom Da Mai Son Shiga Ruwa

Cibiyar Lee Valley White Water Centre tana Waltham Cross ne, a gundumar Hertfordshire, daf da iyakar arewacin Landan, kuma a can aka gudanar da gasar zakarun duniya ta tseren kwale-kwale a ruwa mai ƙarfi, wanda ake kira silalom, daga 19 zuwa 24 ga Satumba 2023. Wannan gasa ita ce ƙololuwar kakar shekarar, wadda ta fara da zagayen cin kofin duniya a Augsburg ta Jamus, ta bi ta Prag ta Jamhuriyar Cek da Tacen ta Sloveniya a watan Yuni, ta je La Seu d'Urgell ta Sifaniya a ƙarshen bazarar Turai, sannan aka rufe ta a Vaires-sur-Marne kusa da Paris a watan Oktoba. Ban da lambobin yabo, a Lee Valley aka raba mafi yawan guraben da ƙasashe ke nema domin Olamfik ɗin Paris na 2024, shi ya sa kusan duk wani gwani na wasan ya hallara. Ra'ayina a kan wurin shi ne, ga wanda yake son ya gane wannan wasa da idonsa, da wuya a samu inda ya fi shi sauƙaƙa kallo, amma sai ya je da sanin dokokin wasan tun daga gida.

Zuwa wurin ba shi da wahala. Jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street da ke Landan yana kai mutum Waltham Cross cikin kusan rabin awa, wanda kuma ya fito daga wani sashe na birnin zai iya tarar jirgin a Tottenham Hale. Daga tasha zuwa ƙofar cibiyar tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna a kan miƙaƙƙen titi. Mai mota yana da babbar hanyar M25 a kusa.

Abin da ya kamata mai zuwa ya fara sani shi ne, wannan ba kogi ba ne. Mashigi ne na kankare da aka gina domin Olamfik ɗin Landan na 2012 a kan kuɗi fam miliyan 31, aka buɗe shi a watan Disamba 2010, jama'a kuma suka fara shiga a 2011, tun kafin wasannin da aka gina shi dominsu. Babban mashigin yana da tsawon mita 300, kuma daga inda ake tashi zuwa inda ake ƙarewa ruwan yana gangarowa mita 5.5. Manyan injuna ne ke zuƙo ruwa daga wani tafki da ke ƙasa suna tura shi sama, kimanin lita 13,000 a kowane sakan, sannan ya kwararo ya koma tafkin. A ƙasan mashigin akwai tubalan roba da ake iya kwancewa a sauya musu wuri, kuma su ne suke haifar da igiyoyi da ramukan ruwa da wuraren da ruwa ke juyowa baya. Idan matuƙi ya gama gudunsa ba ya fita daga jirgi, sai ya hau wani bel mai jan kaya irin na filin jirgin sama, ya mayar da shi mafari yana zaune a cikin kwale-kwalensa.

Akwai masu ganin cewa irin wannan gini ya raba wasan da asalinsa, kuma ba su rasa hujja ba. Tacen tana kan kogin Sava, da gangararta mai ban tsoro tun daga tashi, mashigin Troja na Prag kuma yana shan ruwan kogin Vltava kai tsaye, har ambaliyar 2013 ta yi masa ɓarna 'yan watanni kafin gasar zakarun duniya ta wannan shekarar. Waɗannan wurare suna da ɗabi'ar da Lee Valley ba ta da ita. To amma a gasar da ake raba na ɗaya da na huɗu da abin da bai kai sakan ɗaya ba, ni na fi son ruwan da ƙarfinsa ba ya canzawa tsakanin wanda ya tashi da hantsi da wanda ya tashi bayan azahar, kuma wannan shi ne babban abin da cibiyar take ba 'yan wasa. Ba sabon tunani ba ne ma, domin tun a Olamfik ɗin Munich na 1972, lokacin da silalom ya fara shiga wasannin, a mashigin Eiskanal na Augsburg wanda mutum ya gina aka yi shi.

Ta fuskar kallo, tsarin wurin ya yi kyau ƙwarai. Mashigin a lanƙwashe yake, gaɓarsa tudu ne mai ciyawa, saboda haka daga wuri guda ido yana kama babban sashe na hanyar, kuma mai kallo yana kusa da ruwa har yana jin ƙarar filafili da ihun masu horarwa da ke bin 'yan wasansu da gudu a gefe. Shawarata ita ce kada mutum ya kafe a kujera ɗaya duk yini. Gara ya tsaya na ɗan lokaci kusa da ɗaya daga cikin jajayen ƙofofin, wato sandunan da ake ratayewa a saman ruwa jirgi ya bi ta tsakaninsu, domin a nan ne ake ganin bambancin gwani da gwani, yadda wani zai shiga ruwan da ke juyawa, ya soka filafili sau ɗaya, ya nutsar da gindin jirgi ƙarƙashin sanda ya fice, wani kuma ya ɓata sakan biyu yana kokawa da wuri ɗaya.

Dokokin da suka wajaba a sani ba su da yawa. Ana rataye ƙofofi 18 zuwa 25 a kan wayoyi a saman ruwa. Koraye ana bi ta cikinsu ne tare da gangarar ruwa, jajaye kuwa sai an juyo an haura. Wanda ya taɓa sanda da jiki ko jirgi ko filafili ana ƙara masa sakan 2, wanda ya tsallake ƙofa ko ya bi ta ba daidai ba ana ƙara masa sakan 50, wato ya fita daga lissafi ke nan a gudun da dukansa bai wuce sakan ɗari da 'yan kai ba. A ajin kayak, K1, matuƙi yana zaune ne da filafili mai kai biyu, a ajin C1 kuwa a durƙushe yake da filafili mai kai ɗaya. Inda wasan yake da rauni ga mai kallo, a nan da ko'ina, shi ne hukunci: sau da yawa taɓa sanda ba ya ganuwa daga gaɓa, kuma alƙalan bidiyo suna iya ƙara sakan 50 bayan jama'a sun gama tafi, sai a ga sunan da ke saman allo ya faɗo ƙasa. Manyan alluna da mai sanarwa suna rage wannan ruɗani, amma sanarwar da Turanci ake yin ta, da sauri, kuma ana ɗauka cewa mai sauraro ya riga ya san wasan.

Gasar 2023 ta ba 'yan gida abin murna. Joe Clarke, wanda ya ci zinare a Olamfik ɗin Rio na 2016, ya lashe K1 na maza, Jiří Prskavec na Jamhuriyar Cek ya zo na biyu, Mathis Soudi na Maroko ya ɗauki tagulla. Mallory Franklin ta ci C1 na mata a gaban Kimberley Woods da Jessica Fox ta Ostireliya, ita kuma Fox ta rama a K1. Benjamin Savšek na Sloveniya ne ya ci C1 na maza. Dole a faɗi cewa tawagar Birtaniya a wannan ruwa take atisaye a duk shekara, kuma ko da yake ana sauya wuraren ƙofofi domin gasa, wanda ya san inda igiya ke tashi da inda take kwantawa ya riga baƙo da wani abu. Ba laifin cibiyar ba ne, haka abin yake ga 'yan Cek a Troja da Jamusawa a Augsburg, amma mai duba sakamako ya kamata ya sa wannan a ma'auni.

Ajin da ya fi tada jama'a tsaye shi ne wanda ake kira kayak cross, inda jirage huɗu na roba mai tauri ke faɗowa tare daga kan wani dandamali, su yi ta gogayya a ƙofofi, kuma dole kowa ya kife jirginsa ya juyo da shi a wurin da aka ware. Clarke da Woods ne suka lashe shi a Lee Valley, shekara guda kafin ajin ya fara shiga Olamfik a Paris. Ba ya buƙatar bayani, wanda ya riga isa shi ya ci, muddin bai karya doka ba. Ni dai ina ganin akwai sa'a a cikinsa fiye da yadda ya kamata, amma ga iyalin da suka zo da yara ranar da ake yin sa ce ta fi dacewa.

Ɗan Nijeriya yana da ɗan tarihi a wannan ruwa, domin a nan Jonathan Akinyemi ya wakilci ƙasar a K1 a 2012, bayan ya samu gurbi a gasar Afirka a gaban Benjamin Boukpeti na Togo, mutumin da ya kawo wa ƙasarsa lambar Olamfik ta farko da tagullar da ya ci a Beijing a 2008. A wasannin na 2012 ne kuma Tony Estanguet na Faransa ya ci zinarensa na uku, Tim Baillie da Etienne Stott suka lashe ajin mutum biyu, wanda aka cire daga Olamfik bayan 2016.

Idan ba lokacin gasa ba ne, cibiyar tana buɗe wa kowa, kuma a nan ne ta fi yawancin gine-ginen Olamfik amfani. Akwai ƙaramin mashigi mai tsawon mita 160 da gangarar mita 1.6 domin masu koyo, akwai tafki mai kwanciyar ruwa, sannan akwai shiga babban mashigin a jirgin roba mai iska tare da jagora. Ana bayar da rigar ruwa da hular kwano da rigar hana nutsewa da takalma, ana yin bayanin kariya, kuma kafin a hau jirgi ana sa mutum ya shiga ruwa mai gudu ya yi iyo zuwa gaɓa. Wannan gwaji ba na wasa ba ne, wanda bai saba da ruwa ba gara ya fara da darasi a tafkin. Akwai ƙayyadadden shekaru, sai an yi rajista tun da wuri, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, musamman ga iyali. Rigar ruwan tana kama jiki sosai, abin da ya kamata mata da maza masu kula da sutura su sani tun kafin su biya. Wanda ya iya tuƙa kayak kuma yake son babban mashigin da jirginsa sai an gwada ƙwarewarsa tukuna, matakin da nake ganin ya dace. Sai dai kada wanda ya hau jirgin roba ya ɗauka ya ɗanɗani silalom, domin jagora ne ke yin kusan dukan aikin.

Akwai wurin shan shayi da cin abinci mai baranda da ke kallon ruwa, abincin kuma irin na Turawa ne da aka saba gani a wuraren wasanni, saboda haka mai kiyaye halal zai fi samun natsuwa idan ya tafi da guzurinsa. Gaɓar mashigin a buɗe take, babu inuwa babu mafaka, kuma Satumba a Ingila ba ta da tabbas, don haka rigar ruwan sama da ta sanyi wajibi ne. Wanda zai je kallo kawai a ranar da ba ta gasa ba ya duba jadawalin cibiyar kafin ya sayi tikitin jirgi, saboda injunan ba sa aiki duk yini, kuma idan an kashe su babu abin da zai tarar sai kankare da tubalan roba.