Madubin saitin da ya ƙi zama wuri ɗaya: wata huɗu da mazaunin Sportsmatch da sufanar awo

Bindigar iska gare ni, Weihrauch HW95 ƙirar Jamus, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, tana cin ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5, da madubin saiti a samanta wanda ake leƙawa a saita harbi. Na saye ta bayan na shekara biyu a Ingila. A nan, wanda ya kai shekara 18 yana iya mallakar doguwar bindigar iska irin wannan ba lasisi, muddin ƙarfinta bai wuce fut-fam 12 ba, wato jul 16 da 'yan kai. A Najeriya kuwa dokar makamai ta sa ta cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda, don haka mai karatu a gida ya san da wannan tun daga farko. Ranar Asabar nakan je kulob in harbi takarda, wani lokaci kuma wani manomi da muka saba yakan kira ni in rage masa ɓerayen da ke yi masa ɓarna a siton abincin kaji.

A siton nan ne abin ya fara ci mini rai. Wani dare na saita ɓera a kai, tazarar ba ta kai yadi 20 ba, na ja kunama, sai ƙwayar ta same shi a cinya. Ya ja jiki ya shige ƙarƙashin katako yana kuka, ban same shi ba sai da na ɗaga buhu shida. Ɓera ne, na sani, kuma kashe shi na je yi. Amma kawuna maharbi ne, da bindigar toka ya yi farauta har tsufansa, kuma abin da ya dasa mana tun muna bin sa da gwafa shi ne: in ba ka da tabbacin kashe dabba nan take, ka sauke hannunka. A daren na naɗe kayana na tafi gida, ban sake harbi ba.

Mako uku na yi ina zargin abin da ba shi da laifi. Na canza gwangwanin darma. Na wanke bututu. Na ce ko riƙona ne ya lalace, domin bindiga mai sifirin ba ta son a matse ta, so take a ɗora ta a tafin hannu a bar ta ta yi motsinta. Kullum sai in gyara saiti a yadi 30, harbi goma na farko su taru wuri ɗaya kamar an dasa, kafin in kai harbi na hamsin sun gangara ƙasa da hagu. In murɗa maɓallin saiti in dawo da su, mako mai zuwa su sake tafiya. Kowane ƙas ɗaya na maɓallin yana matsar da harbi kamar milimita 2 a wannan tazarar, ni kuwa har na riƙa murɗa goma sha wani abu a zama ɗaya.

Wani dattijo a kulob ɗin, wanda ya fi shekara arba'in yana harbi, ya tsaya a bayana yana kallo. Bai taɓa bindigar ba. Cewa ya yi in ɗaga ta in sa kunci yadda na saba, in rufe ido, sannan in buɗe. Da na buɗe sai na ga baƙin da'ira ta cinye gefen hoton, sai na ja kaina baya kafin ya cika. Ya ce, "Ɗana, madubinka ne ke tahowa wajen idonka." Ya ciro fensir daga aljihu ya ja layi a jikin madubin daidai bakin zoben gaba (zobba biyu ne ke riƙe madubin a kan bindigar), ya ja wani a saman bindigar daidai ƙafar zoben baya. Ya ce in yi harbi talatin in duba.

Wannan layin fensir ya fi mini duk abin da na saya daga baya amfani, saboda shi ya raba mini matsala gida biyu. Bayan harbi talatin layin da ke jikin madubi ya shige cikin zobe ya ɓace. Na ƙasa kuma, ƙafar zoben ta hau kansa. Ashe abu biyu ke tafiya lokaci ɗaya: madubi yana zamewa cikin zobba, zobban su ma suna jan gindi a kan kwarin saman bindigar da suka kama.

Dalilin yana cikin yadda bindigar take aiki. Idan ka ja kunama, sifirin yana ingiza fistan gaba, bindiga ta ja baya kaɗan. Nan take fistan ya kai ƙarshe ya daki iskar da ya matse, sai bindigar ta yi wani fizga mai kaifi zuwa gaba. Madubi yana da nauyinsa, ba ya son bin wannan fizgar, don haka a kowane harbi bindiga takan zame daga ƙarƙashinsa da abin da ido ba ya gani. Tara wannan sau ɗari ka ga santimita. Shi ya sa a bindiga mai sifirin madubi baya yake yi, alhali a bindiga mai albarushi gaba yake zamewa. Kuma shi ya sa bindigar iska da ba ta da wani ƙarfin a-zo-a-gani take iya lalata madubin da aka yi don babbar bindiga.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi: na ɗauki alanki na ƙara ɗaure notikan. Zobban da nake da su masu araha ne, guda biyu daban-daban, waɗanda aka haɗa mini da madubin a shago. Na murɗa har ɗan ƙaramin alankin ya fara lanƙwasa. Zamewar ta ragu kwana biyu ta dawo. Da na kwance, sai na tarar da zane biyu masu sheƙi a jikin madubin inda baƙin fentin ya goge, kan noti ɗaya kuma ya cinye har alanki na juyawa a banza. Allah Ya taimake ni bututun madubin bai lotsa ba. Alminiyam ne siriri, cikinsa akwai wani bututun da ke motsi idan ka murɗa saiti ko ka ƙara girman hoto, kuma matsi ya yi yawa sai ya danne shi, daga nan madubi ya tashi aiki.

Na ba yayana labari a waya, shi bakanike ne a Kano. Ya ce, "Kai ma dai. Ka taɓa ganin na ɗaure kan inji da ƙarfin tuwo? Awo gare shi, kuma ba a gama noti ɗaya a koma wani, tsallake-tsallake ake yi." Na ce, "Yaya, wannan fa ɗan noti ne bai kai ƙwayar gyaɗa ba." Ya ce ai shi ya fi buƙatar awon, tunda ƙanƙanin ƙari ke kashe shi.

Abu biyu na saya. Na farko mazaunin madubi na Sportsmatch, ƙirar Ingila, irin wanda zobba biyun suke haɗe a kan gindi ɗaya dogo, mai kama kwarin milimita 11 da ke saman bindigar. Kafin ka saya ka auna kaurin madubinka: akwai mai inci 1, wato milimita 25.4, akwai mai milimita 30, kuma zoben 30 ba zai taɓa riƙe madubin inci 1 ba komai ɗaurin da ka yi masa. Nawa mai inci 1 ne. Na biyu sufanar awo ta Wheeler, mai kama da sukudireba mai kauri, wadda ake saita ƙarfin ɗaurinta daga inci-fam 10 zuwa 65, in ta kai awon da ka sa sai ta yi ƙas ta daina murɗawa.

Abin da ya sa na zaɓi mazaunin shi ne 'yar ƙusar birki da ke ƙarƙashinsa. A saman HW95, can wajen baya, akwai ramuka da aka huda don wannan aikin. Ƙusar tana sauka cikin ɗaya daga ciki, shi ke nan mazauni ba shi da hanyar ja da baya. Tsoffin zobbana ba su da ita, matsi kawai suka dogara da shi. Wurin da ya kamata a kula: kafin ka ɗaure gefen, ka ja mazaunin baya har ƙusar ta jingina da bangon ramin na baya. In ka bar rata, harbin farko-farko za su riƙa buga ta da bango, a hankali bakin ramin ya faɗaɗa. Kuma kada a nutsa ƙusar da yawa har ta ɗaga mazaunin daga kan bindiga. Shiga kawai ake so ta yi.

Sai wanki, wanda a ganina shi ne rabin maganin zamewa cikin zobe. Sabon ƙarfe da mai yake zuwa daga masana'anta, mu ma kuma muna goge bindiga da tsumma mai mai, yana bin jikin madubi ya shige ƙarƙashin zobe. Na jiƙa auduga da sipirit na goge cikin zobban, da jikin madubin, da kwarin bindigar, da su kansu notikan. Audugar farko baƙa ƙirin ta fito daga kwarin. Ban daina ba sai da ta huɗu ta fito fara. Dattijon nan ya ba ni ɗan garin ƙaro a takarda, irin ƙaron da masu goge ke shafa wa izga don ta kama. Na barbaɗa kaɗan a cikin zobban da ɗan buroshi, kamar hoda, na hure sauran. Ba ya manne abu har abada, sipirit na wanke shi, yana dai hana santsi. Na ga masu naɗa salatif ɗin lantarki a madubi. Ban ba da shawara ba, domin idan rana ta yi zafi gam ɗinsa na narkewa ya zama shi ne abin da madubin zai yi sulu a kai.

Na ɗora madubin ban ɗaure ba, na sa bindiga a kafaɗa na matsar da shi gaba da baya har hoto ya cika ba tare da na miƙa wuya ba. Na rataya igiya mai ɗan nauyi a ƙofar gareji na daidaita layin tsaye na cikin madubin da ita. Sannan na saita sufanar a 16, tunda yawancin masu ƙera madubi tsakanin inci-fam 15 da 18 suke faɗa wa notikan saman zobe. Kowa dai ya duba takardar nasa. Na bi su yadda Yaya ya ce, rabin juyi a nan, rabin juyi a na kishiyarsa, ina duban ratar da ke tsakanin murfin zobe da gindinsa ta zama ɗaya dama da hagu. Ratar nan dole ta kasance. In murfi ya haɗe da gindi ruf, to zobe kansa yake matsa, ba madubi ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin da sufanar ta yi ƙas. Hannuna yana gaya mini da saura, ita ta ce ya isa. A lissafina ɗaurin da nake yi a da ya ninka wannan, kuma duk da haka madubin yana tafiya. A nan na yarda kuɗin sufanar bai tafi a banza ba, ko da yake ta fi mazaunin tsada kuma aikinta na minti biyar ne. Wanda yake kulob zai iya ara, ba laifi. Ni na gwammace in mallaka, saboda nakan sake gwada notikan duk bayan gwangwani ɗaya, har da na jikin katakon bindigar, waɗanda su ma girgiza ke sassautawa su watsa harbi. In an gama a mayar da ita kan awo mafi ƙanƙanta kafin a ajiye, don sifirin ɗinta ya huta.

Mazauni mai gindi ɗaya ba kowa zai dace da shi ba. Ya fi zobba biyu nauyi, ana ji a hannu idan aka daɗe a tsaye. Tazarar da ke tsakanin zobbansa kuma a kafe take, don haka mai gajeren madubi ya auna tukun, kada ya rasa wurin matsar da shi zuwa daidai idonsa. Mai bindigar da ake dura wa iska da famfo ko tulu, wadda ba ta da fizga, ba ya buƙatarsa sam. Zobba biyu masu kyau sun ishe shi. Amma mai bindigar sifirin da ke da ramin birki a samanta, ban ga dalilin da zai sa ya ɗora zoben da ba ƙusa ba.

Na ja sabon layin fensir a wurare biyun nan ranar da na gama. Yau wata huɗu ke nan, na harbe gwangwani uku masu ƙwaya 500 kowanne, na fara na huɗu. Layin sama yana nan a bakin zobe, na ƙasa yana nan a ƙafar mazauni. Maɓallin saiti sau ɗaya na taɓa shi, da na canza irin darma. A yadi 30, in na dogara bindigar a kan buhun yashi da tafin hannuna a tsakani, harbi biyar suna shiga ramin da kwabon fam ɗaya ke rufewa. Na koma siton manomin makon jiya da daddare, bayan na gwada harbi biyar a takarda a bakin ƙofa. Ɓera huɗu na samu, kowanne a inda ya tsaya ya faɗi.