Bututun Kenko da fitilar zobe wajen ɗaukar hoton tsofaffin sulalla: ɗaya ya biya kuɗinsa, ɗaya bai biya ba

A gidaje da dama na Gusau da Ƙauran Namoda akwai tsofaffin kuɗin da kakanni suka bari cikin kwalla: anini, ɗari, kwabo mai huda, taro, sisi, sule, har da dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza da shekarar 1780. Mai saye daga nesa hoto kawai yake gani a WhatsApp, kuma da shi yake yanke farashi. Kayan da mai hoto zai iya haɗawa don wannan aiki su ne kyamarar Canon ta hannu irin su 600D ko 700D, idon kyamara na Canon 50mm f/1.8 STM, saitin bututun Kenko, da fitilar zobe mai inci goma da ake gani a shagunan waya.

Idon 50mm shi kaɗai ba ya ganin abu sarai idan tazarar ta gaza santimita 35, don haka kwabo yana fitowa ƙarami a tsakiyar hoto. Bututun zobba ne uku marasa gilashi, masu kaurin milimita 12, 20 da 36, da ake sakawa tsakanin kyamara da idonta don ta iya gani kusa. Tunda babu gilashi a ciki, ba ya ƙara wa hoto dishi-dishi nasa na kansa. Gajeren gefen allon ɗaukar hoto da ke cikin waɗannan kyamarori kusan milimita 15 ne, shi ya sa lissafin yake da sauƙi. Dala mai faɗin kusan milimita 40 zoben 12 ya ishe ta. Kwabo mai huda na zamanin Turawa, mai faɗin kusan milimita 31, yana shiga zoben 12 idan aka murɗa idon zuwa kusa, sai dai a matse. Anini, wanda bai wuce milimita 20 da kaɗan ba, yana son a haɗa 12 da 20.

Abin da ya sa Kenko ya cancanci tsadarsa shi ne 'yan ƙarafan lantarki da ke cikin kowane zobe. Akwai bututu masu arha da babu su, kuma a kan wannan ido asarar kuɗi ce zalla: ƙofar haske za ta tsaya a buɗe a f/1.8, kyamara ba za ta iya rage ta ba, sannan injin STM da ke saita ganin idon ba ya motsi sai da wuta daga kyamara, ko da da hannu ake murɗawa. Kafin ka biya, leƙa cikin zoben ka ga ƙarafan da idonka, ka ɗaura shi, ka rage ƙofar haske zuwa f/8, ka tabbata lambar ta canza. Ka kuma girgiza shi a hankali. Idan yana lilo, da an kifa kyamara ƙasa nauyin idon zai karkata shi, gefe ɗaya na kwabon ya fito sarai, ɗaya ya dushe.

Yana da nasa aibin. Haske na raguwa, a girman kwabo lokacin ɗauka yana ninkawa fiye da biyu. Da zobba biyu kuma bakin idon yana sauka har tazarar ba ta fi faɗin tafin hannu ba, sai ka rasa inda za ka cusa fitila. Wanda sana'arsa ke nan, idon makro, wato wanda aka ƙera don ɗaukar hoto daga kusa, irin Canon 100mm f/2.8 ko Tamron 90mm ya fi masa, domin yana tsayawa nesa ya bar wa haske hanya. Ga kuma ƙurar hunturu: duk cire zobe buɗe cikin kyamara ne, kuma a f/8 zuwa sama kowace ƙwayar ƙura kan allon tana fitowa baƙin ɗigo da mai saye zai ɗauka tabo ne a jikin kuɗin. A sauya zobe cikin ɗaki a rufe, bakin kyamara na kallon ƙasa.

Fitilar zobe kuwa an yi ta ne don fuska, ta shafe inuwa da ƙuraje. Hoton sulalla da inuwa yake rayuwa. Rubutun Larabcin da ke kewaye da hudar kwabo, da layukan tauraronsa mai kusurwa shida, tudunsu bai kai kaurin farce ba, kuma ba a ganinsu sai haske ya zo ta gefe guda ya bar siririyar inuwa a ɗaya gefen. Zoben yana watso haske ta ko'ina daidai wa daida. Idan an ɗaga shi sama, sulen ya fito fari fat da da'irar ƙyalli a kansa. Idan an sauke shi ƙasa, filin kuɗin ya yi duhu, bakin haruffa kaɗai ke walƙiya. Duka biyun suna ɓoye lalacewa da ƙarce, kuma nan ne rigima da mai saye take farowa in kaya ya isa hannunsa. Wanda ya riga ya sayi fitilar zobe, kada ya jefar: ya rufe kashi uku cikin huɗu na zoben da baƙin kwali, ragowar ta zama fitilar gefe ɗaya.

Abin da ya fi shi ƙananan fitilun LED biyu ne iri ɗaya, masu caji, masu lambar CRI (ma'aunin fitar da launi na gaskiya) 95 ko sama, an daidaita launin haskensu a 5500K, wato irin na rana. Masu caji sun fi domin wutar janareto na hawa da sauka, hoton gaba da na baya su fito da haske daban. A ajiye su ta saman kan hoton da ke jikin kuɗin, ɗaya a ƙarfe goma, ɗaya a ƙarfe biyu, kamar kuɗin fuskar agogo ne, a ɗaga su kusa da idon kyamara. Ga kuɗin da ya sha hannu har shekararsa ta kusa shafewa, a kashe ɗaya, a sauke ɗayar ƙasa-ƙasa har hasken ya riƙa shafar fuskar ƙarfen, lambobin za su taso. Farar takarda falle ɗaya a gaban fitila tana rage ƙyallin azurfa, falle uku kuma sun mayar da kai matsalar zoben. A rufe taga, a kashe ƙwan ɗaki, in ba haka ba jan ƙarfe ya fito da launi biyu.

Sauran aikin na mariƙi ne. A wannan kusanci kaurin abin da ke fitowa sarai a f/8 bai wuce 'yan milimita ba, hannu ba zai iya ba. Mai walda zai iya haɗa sandar ƙarfe a tsaye kan faffaɗan katako, da kusoshin kwata inci da ke shiga gindin kyamara. Don daidaitawa, a kwantar da ƙaramin madubi inda kuɗin zai zauna, a gyara har idon kyamara ya ga kansa a tsakiyar allo. Sannan ISO 100, f/8, saitin M (inda kai ne ke saita haske da kanka), da jinkirin daƙiƙa biyu don girgizar yatsa ta lafa. Saitin M dole ne, domin baƙin ƙyallen da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kuɗin yana ruɗar kyamara ta ƙone azurfar da haske. Wuce f/11 kuma laushi yake ƙarawa.

Kuɗi mai huda kada a ɗora shi kan murfin kwalba, murfin zai leƙo ta hudar. Guntun bututun roba mai faɗi fiye da hudar, an shafa masa baƙi ciki da waje, yana ɗaga shi daga ƙyallen ba tare da an gan shi ba. A riƙe kuɗin ta gefe, a hure ƙura da robar hura iska. Toka, tsamiya da lemun tsami da ake goge kwanuka da su suna cinye dattin shekarun da masu tarawa ke biya dominsa, kuma ƙarcen gugar yana fitowa ƙuru-ƙuru ƙarƙashin fitilar gefe.