Sau nawa sikirif ɗinka ya yi aiki: fayil ɗin lamba ko rajista?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a zauren nan. Yana da sikirif na Bash a Ubuntu da ke kwafe masa fayiloli zuwa ma'ajiya, yana son sanin sau nawa aka kunna shi. Ya gwada `history | grep`, lissafi bai fito daidai ba.

Ai ba zai fito ba, Malam. History abin da ka buga da hannunka kaɗai yake riƙewa, in cron (manhajar da ke kunna ayyuka da kanta a lokacin da aka tsara) ne ya kunna sikirif ɗin cikin dare, ba ruwansa. Ga kuma `HISTCONTROL=ignoreboth` da ke zuwa a cikin .bashrc na Ubuntu: ka buga umarni ɗaya sau biyar a jere, sau ɗaya zai rubuta.

Saura hanya biyu, duk a cikin sikirif ɗin za ka sa su.

Ta farko ita ce fayil mai ɗauke da lamba guda. Sikirif ya karanta, ya ƙara ɗaya, ya mayar da `echo $((n+1)) > kirga.txt`. Tana da sauƙi, amma ta taɓa cutata. Alamar `>` sai ta share fayil kafin ta rubuta sabo. Wata rana aka ɗauke wuta daidai lokacin, da na kunna kwamfuta na tarar da fayil wayam, ƙirgen wata uku ya tafi. Sannan in aka kunna sikirif sau biyu lokaci guda, kowanne ya karanta 41, kowanne ya rubuta 42, ka yi asarar ɗaya ba ka sani ba. Sai ka haɗa da `flock` (umarnin da ke kulle fayil har na farko ya gama) kafin ka toshe wannan ƙofar.

Ta biyu ita nake ba ka shawara. Ka sa wannan layin a sama:

`date '+%F %T' >> "$HOME/rajista.log"`

Alamar `>>` ƙarawa take yi a ƙasa, ba ta taɓa abin da ke ciki. `wc -l` zai ba ka jimla, `grep -c 2025-03` kuma zai gaya maka na watan Maris kaɗai. Ranar da ajiya ta tsaya, nan za ka ga daren da cron ya yi shiru, abin da lamba guda ba za ta taɓa nuna maka ba.

Ka dai rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗin kamar yadda na yi da `$HOME`. In ka sa sunan kawai, duk folda da ka tsaya ka kunna sikirif sai ta samu nata rajistar daban.