Bukin Japanawa a Jamus: abin da ake samu a rumfunansu da abin da Musulmi zai kiyaye

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da yawanku kan tambayi yadda mutanen wasu ƙasashe ke gudanar da tarukansu a nan Jamus, da abin da kuɗin mutum ke saya masa a wurin. Na Japanawa ya fi cancantar bayani, domin abincinsu ya fi kusa da namu fiye da yadda ake zato, amma yana da wuraren da Musulmi zai iya zamewa bai sani ba.

Cibiyarsu a ƙasar nan ita ce birnin Düsseldorf, inda Japanawa kimanin 8,000 ke zaune. Titin Immermann, wanda ke tsakanin babbar tashar jirgin ƙasa da tsakiyar gari, cike yake da shagunansu da gidajen abincinsu. Tun shekarar 2002 ake ware Asabar guda, galibi a watan Mayu, a yi musu Ranar Japan a bakin kogin Rhine. Shiga kyauta ne, kuma jama'a kan kai dubban ɗaruruwa. Akwai kiɗan manyan ganguna, da matasa sanye da kayan taurarin zane-zane, sannan a rufe da wasan wuta wajen ƙarfe 11 na dare, domin a lokacin rana ba ta faɗuwa sai kusan tara da rabi.

Wanda zai je ya riƙe tsabar kuɗi, don ba kowace rumfa ke karɓar kati ba. Ya kuma ci abinci da wuri, domin daga azahar layi ke yin tsawo. Idan an ba ka abin sha a kofin roba mai kauri, akan ɗora kuɗin jingina a kan farashi, sai ka mayar da kofin a dawo maka da su. Kwalbar roba ta amfani sau ɗaya da gwangwani kuwa jinginarsu santi 25 ne. Wannan tsari ya fi namu, kuma na kofin ba ya buƙatar wata na'ura. Inda gida ya fi su shi ne karamci. A bikinmu baƙo ba ya sayen abinci, a nan kuwa ko ruwan sha da kuɗinka, kuma kwanon taliyar ramen ɗaya yakan haura yuro 10.

To ga inda ake zamewa. Ramen taliya ce cikin romo, kuma romon da ya fi farin jini, tonkotsu, da ƙashin alade ake dafa shi sa'o'i masu yawa har ya yi fari kamar madara. Cire yankan naman da ke sama ba ya gyara komai. Ko romon da aka ce na kaza ne, sau da yawa ana haɗa shi da na alade, don haka tambayar ita ce: da me aka yi romon? Kalmar ton a sunan abinci, kamar tonkatsu, alade take nufi. Gyoza, wani ɗan naɗin fulawa mai kama da samosa, yawanci niƙaƙƙen naman alade ne a ciki. A jikin kaya a nemi kalmomin Jamusanci Schwein (alade), Gelatine (sinadarin danƙo da galibi ake samu daga alade) da Alkohol (barasa).

Barasa ta fi nama ɓuya. Sake, giyar shinkafa mai ƙarfin kusan kashi 15 cikin 100, a fili ake sayar da ita, kauce mata ba wuya. Matsalar ita ce mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake sa wa girki. Na asalinsa yana da barasa wajen kashi 14, kuma yana cikin miyar teriyaki, da ruwan da ake tsoma soyayyen tempura, wani lokaci har da shinkafar sushi. Akwai wani abin sha na shinkafa mai kama da kunu, amazake, shi kuma iri biyu ne: wanda aka yi da shinkafa da ƙwayar tsimi ta koji ba shi da barasa, wanda aka yi da dusar sake yana da ita kaɗan. Sai an tambaya. Shi ma ruwan waken suya mai gishiri yana ɗauke da 'yar barasa daga tsimuwarsa, akwai kuma mai tambarin halal a wasu shaguna ga wanda yake son fita daga shakka.

Tsirensu, yakitori, ƙananan yankan kaza ne a tsinke, a gasa kan gawayi. Mai gashi zai tambaye ka shio ko tare. Shio gishiri ne zalla, tare kuwa miya ce mai mirin da sake. Ko da ka zaɓi gishiri, batun yanka yana nan, domin kazar rumfa ba kasafai take zama yankan Musulmi ba. A gaskiya tsiren Kano mai ƙuli da yaji ya fi shi ɗanɗano da yawa, amma sun fi mu daidaita girman yanka, shi ya sa tsinke ke gasuwa bai-ɗaya, ba ka samun wani ya ƙone wani ɗanye. Wanda yake son yin nasa, bayan tashar jirgi a unguwar Oberbilk akwai mahautan 'yan Maroko masu naman halal. Abin da ake ci a wurin bikin hankali kwance shi ne edamame, wato ɗanyen waken suya da aka dafa a kwansonsa da gishiri, da dunƙulen shinkafa na onigiri mai gishiri kawai.

Shinkafarsu gajeriya ce mai danƙo, ta fi kama da shinkafar tuwo. Doguwar da aka turara tun a ɓawonta, irin ta dafa-duka, ba ta dunƙuluwa ko an cika mata ruwa, sai dai ta caɓe. Ta Japan tana da tsada a nan, amma shinkafar Milchreis ta manyan kantuna, gajeriyar da Jamusawa ke dafawa da madara, tana maye gurbinta da araha. Ga awon: giram 300 na shinkafa, a wanke sau uku ko huɗu har ruwan ya washe, a jiƙa minti 30, a zuba ruwa mililita 360. Idan ta tafasa a rage wuta sosai minti 12, a sauke a bar ta a rufe minti 10. Buɗe murfi a tsakani shi ke sa ta sama ta ƙi nuna. Idan ta sushi ce, a narkar da suga cokali 2 da gishiri ƙaramin cokali 1 cikin ruwan khal na shinkafa cokali 4, a zuba tun tana da zafi, a riƙa yankawa da muciya ana fifita. Tuƙawa irin ta tuwo tana dame ta. Kada a sa ta a firji, tauri take yi.

Abin da ya fi ba Bahaushe mamaki shi ne natto, wato tsimammen waken suya. Turawa na toshe hanci, mu kuwa da an buɗe za mu ce daddawa ce. Kuma 'yar uwarta ce ta haƙiƙa, domin ƙwayar halittar da ke tsima kalwa, Bacillus subtilis, ita ce ke tsima waken suya ya zama natto, a ɗumin digiri 40 na kusan kwana guda. Bambancin shi ne ba sa dakawa su shanya. Da yauƙinsa suke ci a kan shinkafa da safe, a ƙananan mazubai na giram 40 zuwa 50, kowanne da kwanan watan lalacewarsa. Masu daddawar waken suya a gida za su amfana da irin wannan ƙunshi, domin kayanmu ba su gaza nasu ba, awo da tsaftar mazubi ne suka rage.

Shayinsu kore ne, ba suga ba madara. Mu mun saba da tafasa ganye a buta har zagaye uku, su kuwa tafasasshen ruwa ɓata musu shayi yake, ya fito da ɗaci. Ganyen shayinsu na sencha na son ruwa mai digiri 70 zuwa 80, minti ɗaya kacal. Garin shayi na matcha kuwa giram 2 ake tankaɗewa, a zuba ruwa mililita 70, a burka da ɗan maburgin gora har ya yi kumfa. In ba a tankaɗe ba gudaji yake yi.

Fim yana da nasa lokacin. A farkon shekara ake nuna finafinan Japan a ɗakin kallo na Black Box da ke gidan tarihin fim na Düsseldorf, sai kuma bikin Nippon Connection na birnin Frankfurt, wanda aka fara a 2000, yana nuna finafinai kusan 100 cikin kwana shida, da rumfunan abinci a harabar wurin. Galibi ba a ɗora murya a kan fim yadda ake fassara na Indiya a gida. Da Japananci ake ji, fassarar na rubuce a ƙasan allo. A jadawali, OmU na nufin rubutun Jamusanci, OmeU na Ingilishi, don haka a duba kafin a sayi tikiti. Mai zuwa da yara ya lura da lambar shekaru, 0, 6, 12, 16 ko 18, domin ba kowane fim ɗin zane ne na yara ba. Ana farawa kan lokaci, ba a amsa waya a ciki, kuma a Frankfurt sau da yawa daraktan fim yana nan, bayan an gama ya tsaya ya amsa tambayoyin 'yan kallo ta bakin tafinta.