Kwashe bayanai a dare ɗaya ko rukuni-rukuni?

Kamfanin da zai sauya manhajar ajiyar bayanan kwastomominsa hanya biyu ce a gabansa: ya rufe tsohuwar ranar Juma'a ya kwashe komai kafin safiyar Litinin, ko ya riƙa kwasa kaɗan-kaɗan, tsohuwa da sabuwa suna aiki tare.

Ta farkon ta fi sauƙin kuɗi, ba a biyan manhaja biyu. Amma in ta ɓaci, kowa ta shafa. Bankin TSB na Birtaniya ya bi ta a Afrilun 2018, ya kwashe bayanan mutane fiye da miliyan 5 a ƙarshen mako guda. Kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu ta intanet, wasu ma suka buɗe suka tarar da asusun wani. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumba, a 2022 kuma aka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Ta biyun tana cin lokaci, kuma tana da nata ciwon kai. In kwastoma ya canza lambar waya yau, wace manhaja za a yarda da ita? Dole a yanke wannan tun farko, a kuma riƙa gwada jimillar kuɗi da yawan asusu a ɓangarorin biyu kafin a taɓa rukuni na gaba. Ni dai ita nake zaɓa duk inda kuɗin jama'a yake, domin in rukunin farko ya samu matsala, ana mayar da shi tsohuwar manhaja kafin sauran su ji labari.