Daga tsibirin Toronto zuwa Ottawa a jirgin Porter

Fasfo ɗina ne ya kusa ƙarewa, aka ba ni ranar zuwa ofishin jakadancin Najeriya da ke Ottawa, babban birnin Kanada, ga shi hutun yini ɗaya tak na samu a wurin aiki. Jirgin ƙasa daga Toronto yana cin awa huɗu da wani abu, mota ma kusan haka ne idan hanya ba cunkoso. Ba makawa sai ta sama, in tafi da sassafe in dawo da dare. Wata abokiyar aikina ce ta ce in ƙyale babban filin jirgi na Pearson, in gwada ƙaramin da ke tsibiri, wanda ake kira Billy Bishop. Shekara uku ina garin nan, nakan hango ƙananan jirage suna sauka a bakin Tafkin Ontario, amma ban taɓa kawo wa raina shiga ba.

Daga tashar Union na shiga motar da ke kai fasinja filin kyauta. Kafin in gama duba saƙonnin waya har mun iso ƙarshen titin Bathurst, bakin ruwa. Wanda ya saba da Pearson ya san sai ya hau jirgin ƙasa na minti 25 daga wannan tashar, sannan ya fara doguwar tafiyar ƙafa a cikin ginin. A nan kuwa ɗan siririn ruwa ne kawai tsakaninka da filin, kuma hanya biyu ce ta tsallakawa. Da safe na bi ta ƙarƙashin ƙasa: lif ya sauke mu kimanin mita 30 ƙasa, muka bi wata hanya mai haske da aka haƙa a ƙarƙashin ruwan, tsawonta wajen mita 260, sannan doguwar matakala mai lantarki ta ɗago mu cikin ginin filin. A 2015 aka buɗe ta. Kafin nan kowa jirgin fito yake jira.

Wurin bincike bai ɗauke ni minti goma ba. Zauren jira na da kujeru masu laushi, da wurin cajin waya, ga tagogi da kake kallon jirginka ta ciki a tsaye dab da kai. Ba hayaniya, ba mai gudu da akwati yana neman ƙofa ta ɗari da wani abu.

Jirgin na kamfanin Porter ne, mai farfela, ƙirar Dash 8-400, mai kujera 78, biyu a dama biyu a hagu, saboda haka ba wanda ke matse a tsakiya. Akwai ƙugin farfela, musamman ga wanda ya zauna daidai fiffike, amma ba ya hana hira. Ma'ajiyar kaya ta sama ƙarama ce, ƙirar jirgin ce haka, don haka mai babbar jaka ya san da wannan tun daga gida. Da muka ɗaga, jirgin ya karkata, sai ga dogon hasumiyar CN da benayen tsakiyar gari ta taga kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ma'aikaciyar jirgin ta zagayo da abin sha da ɗan abin taɓawa, ba ta nemi ko sisi ba. Na karɓi lemo, ta zuba mini a kofin gilashi na gaske. Ƙaramin abu ne, amma ya zauna mini a rai, domin a bara na bi wani kamfani mai arha zuwa yammacin ƙasar, kuɗin jaka da na zaɓen kujera suka haɗu suka kusa kamo kuɗin tikitin, ruwan sha ma sai da na saya. Cikin kusan awa ɗaya muka sauka Ottawa.

Wannan hanya ta Toronto zuwa Ottawa ita ce Porter ya fara da ita a Oktoban 2006, lokacin da Robert Deluce ya kafa kamfanin a wannan tsibiri. Abin da ya ba shi damar tsayawa da ƙafarsa shi ne filin, ba yawan jirage ba. Manyan kamfanonin jiragen ƙasar nan biyu, Air Canada da WestJet, sun riga sun kankane Pearson, shi kuwa ya samu wurin da ke kusa da ofisoshi da bankuna, ya mai da kusancin hajarsa. Air Canada ya dawo tsibirin a 2011 da jirage zuwa Montreal, kuma wannan dawowar ma alama ce ta cewa kasuwar ta motsa.

Sai dai filin yana da iyakar da ba ya tsallakewa. Titin saukar jiragensa bai wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, kuma yarjejeniyar 1983 tsakanin birnin Toronto, gwamnatin tarayya da hukumar tashar ruwa ta hana jiragen fasinja masu injin jet amfani da shi. Ba a tashi kafin bakwai saura kwata na safe, ba a wuce sha ɗaya na dare. A 2013 Porter ya nemi a tsawaita titin a ba shi izinin kawo jet, mazauna bakin ruwa suka tashi tsaye, a ƙarshen 2015 ministan sufuri Marc Garneau ya ce ba za a taɓa yarjejeniyar ba. Na fahimci mutanen unguwar. Na tsaya a bakin ruwan na ga yadda gidaje da makaranta da wurin wasan yara suke dab da filin, ban ga laifin wanda ya ce a bar shi haka ba. Amma sakamakon shi ne, da Porter ya so tsallaka ƙasar zuwa Vancouver da Calgary, dole ya koma Pearson ɗin da ya guje wa. A farkon 2023 ya fara tashi daga can da jiragen jet ƙirar Embraer masu kujera 132. A shekarar ce kuma ya sanar da gina sabon ginin fasinja a filin Saint-Hubert, kusa da Montreal, wato yana son maimaita dabarar tsibirin Toronto a wani gari.

Maganar kuɗi fa, tikitin ba arha ba ne, kuma ba a nan kaɗai ba. Duk mai duba rasit ɗin tikiti a Kanada zai ga jerin caji a ƙasan ainihin kuɗin jirgi: kuɗin inganta filin jirgi, kuɗin binciken tsaro, sannan haraji. Tun shekarun 1990 gwamnatin tarayya ta miƙa manyan filayen ga hukumomi marasa neman riba, tana karɓar haya da ke kaiwa kashi 12 cikin ɗari na kuɗin shigar manyansu. Duk gini ko faɗaɗawa, a ƙarshe aljihun fasinja yake komawa. Kamfanin da ya shigo da niyyar sayar da tikiti mai arha yana tarar da wannan nauyin tun kafin ya kunna inji. Ga faɗin ƙasa, ga ƙarancin jama'a. Cikin kamfanoni masu tikiti mai arha, an haɗe Swoop cikin WestJet a 2023, Lynx ya rufe a Fabrairun 2024, Canada Jetlines ya bi shi a Agustan shekarar. Abin yana damuna, domin ɗalibai da sababbin baƙi irinmu, masu 'yan'uwa warwatse daga Halifax zuwa Edmonton, mu ne muka fi jin jiki idan zaɓi ya ragu.

Hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta fitar da rahoto a Yunin 2025, inda ta nuna cewa Air Canada da WestJet ne ke ɗaukar kashi 56 zuwa 78 cikin ɗari na fasinjojin cikin gida a manyan filaye, kuma shigowar kamfani ɗaya kacal kan wata hanya yana sauke farashi da kusan kashi 9. Ni a tafiyata abin da na fi gani shi ne sauƙi da mutuntawa, ragin kuɗin bai kai yadda na so ba. Duk da haka, ga mai zuwa Ottawa ko Montreal daga tsakiyar Toronto, musamman tafiyar yini ɗaya da ƙaramar jaka, zan ce ya bi ta tsibirin. Ya dai karanta sharuɗɗan tikiti mafi arha da kyau kafin ya biya, kuma a lokacin sanyi ya bar wa kansa sarari, don hazo da iska na bakin tafki kan jinkirta tashi. Mai zuwa gida Najeriya kuwa, Pearson ne dai hanyarsa.

Na gama da ofishin jakadanci kafin la'asar, na kama jirgin yamma. Da muka sauka sai na bar hanyar ƙarƙashin ƙasa na hau jirgin fiton, wanda masu ƙafa ba sa biya. Sunansa Marilyn Bell, sunan yarinyar da ta tsallake Tafkin Ontario da ninƙaya a 1954 tana da shekara 16, kuma tun 2021 da lantarki yake aiki. Mita 121 ce tafiyar, daƙiƙa 90. Na tsaya a waje cikin iska mai sanyi, fitilun gari na rawa a kan ruwa, inji ba ƙara ba hayaƙi. Na yi isha'i a ɗakina.